Takardar da aka rubuta bisa teku



Mun tashi muna jin labarin yaƙin Hitila, lokacin da aka rufe iyaka tsakaninmu da ƙasar Ingilishi. Yau za mu duba abin da manyan Nasara suka ƙulla can nesa.

A 1940 Faransa ta faɗi hannun Jamus. Curcil, shugaban gwamnatin Ingila, ya nemi agaji wurin Ruzbelt na Amurka, amma Amurkawa ba su son shiga yaƙi. Sai aka yi ciniki: Ingila ta karɓi tsofaffin jiragen ruwa na yaƙi 50, Amurka ta samu wuraren girke soja na shekara 99 cikin ƙasashen da Ingila ke mulka. Abota ce, amma kowa da lissafinsa.

Cikin Agusta 1941 suka gana bisa jiragen ruwa a gaɓar Niyufanlan, suka fitar da takarda mai magana 8. Ta uku ta ce kowace al'umma na da ikon zaɓen irin mulkin da take so. Wata guda bai cika da kyau ba, Curcil ya shaida wa majalisarsu cewa mutanen Turai da Hitila ya danne ake nufi. Wato ban da mu. Ruzbelt bai ga haka ba. A Janairu 1943, kan hanyarsa ta zuwa Kazabulanka, ya sauka Gambiya, talaucin da ya gani ya ƙara masa ƙin mulkin mallaka. Amma cin Jamus ya fi masa gaggawa, bai ɓata da abokinsa a kanmu ba.

Mu kuwa muna hannun mutanen Petan har Nuwamba 1942, da sojan Amurka da Ingila suka sauka Maroko da Aljeriya, sannan gwamnan Dakar ya juya. Wa zai riƙe Faransa? Ruzbelt na son Janar Ziro, ba ya ko ƙaunar Degol. Curcil ya tilasta wa Degol zuwa Kazabulanka, aka sa janar biyun musafaha gaban masu hoto. Kafin 1943 ta ƙare Degol ya ture Ziro gefe.

A taron Barazabil na 1944, mutanen Degol suka ce babu zancen mulkin kai. Aikin dole ma sai Afrilu 1946 aka soke shi.