Asalin Sunan Jibrin

Da wuya ka shiga unguwa a ƙasar Hausa ka kira Jibrin a rasa mai amsawa. Wani Jibrilu ake ce masa, wani Jibirin, wani kuma an taƙaita masa ya koma Jibo. Kowa ya san sunan mala'ikan wahayi ne, kuma yawancinmu mun ɗauka Larabci ne tsantsa, tun da a hannun Larabawa muka karɓe shi. To, ko a wurin Larabawan ma baƙo ne. Asalinsa Ibrananci ne, harshen Bani Isra'ila.

Kalmomi biyu aka haɗa aka sami Gabri'el. Ta farko, "geber", namiji ke nan mai ƙarfi, wato jarumi. Ta biyu, "El", sunan Allah ne a harshensu. Don haka wasu masana suka fassara shi da "jarumin Allah", wasu kuma "Allah ne ƙarfina". Wannan "El" ɗin shi ne kake ji a wutsiyar Mika'ilu da Isma'ila da Isra'ila.

Maganar da muke yi a nan ta yadda sunan ya shiga bakin mutane da takardunsu ce, shi mala'ikan kam ya riga duk harsunan nan samuwa. A littattafan Yahudawa na farko ba a ambatar mala'iku da suna, sai dai a ce manzon Ubangiji. A cikin littattafansu masu tsarki, a littafin Daniyel, babi na 8 da na 9, sunan ya fara bayyana, inda mala'ikan ya zo yana yi wa Daniyel fashin baƙin abin da aka nuna masa. Labarin Daniyel kuwa a Babila ya faru, cikin ƙasar Iraki ta yanzu, inda Sarki Bukhtanassar ya kwashe Yahudawa ya kai, ya kuma rushe Ƙudus a shekara ta 586 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S). Malaman Yahudawa da kansu sun rubuta a cikin Talmud cewa daga Babila aka dawo da sunayen mala'iku.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta bi ta harshen Girka. Yahudawan birnin Iskandariya na Masar sun juya littattafansu zuwa wannan harshe, kuma da shi aka rubuta Linjilar Luka, wadda ta kawo labarin bisharar da mala'ikan ya yi wa Zakariya da Maryamu. Wajen shekara ta 400 wani malamin Kirista mai suna Jerome ya mayar da Littafi Mai Tsarki cikin Latin, sai sunan ya bazu duk inda coci ta kai. Mutanen Italiya suka ce Gabriele, na Hungari suka ce Gábor, Rashawa da suka karɓi addinin daga Girkawa a shekara ta 988 suka ce Gavriil. Saurayin nan ɗan ƙabilar Sabiyawa da ya harbe yariman Ostiriya a Sarayebo a 1914, har Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, Gavrilo sunansa. Turawa har mata suke sa wa, su ce Gabriela. A Habasha kuwa akwai cocin Gabriel a garin Kulubi, kusa da Dire Dawa, wadda jama'a ke yi wa tururuwa sau biyu a shekara.

Hanya ta biyu ita ce tamu. Larabci da Ibrananci 'yan'uwa ne, amma inda Ba'ibrane ke cewa "ga", Balarabe "ja" yake cewa, ban da mutanen Alƙahira da har gobe Gibril suke faɗa. Sau uku aka ambaci sunan a Alƙur'ani: aya ta 97 da ta 98 a Suratul Baƙara, da aya ta 4 a Suratut Tahrim. Maƙaranta ma ba su haɗu a kan lafazi ɗaya ba. Nafi'u, wanda ruwayarsa ta Warshu muke rubutawa a allo, Jibril ya karanta. Ibn Kasir na Makka ya ce Jabril, Hamza da Kisa'i na Kufa suka ce Jabra'il. Malaman nahawu sun daɗe da sanin baƙuntarsa, shi ya sa suka hana shi tanwini, kamar yadda suka hana Ibrahim da Ishaƙ. Imamu Bukhari ma ya kawo daga Ikrima cewa "il" ɗin da ke ƙarshensa Allah ake nufi.

Wannan hukunci na nahawu, a ganina, shi ya bar mana sunaye biyu. A Tahrim wasalin ƙarshe rufu'a ne, ga Jibrilu. A Baƙara fataha ce, ga Jibrila, wanda aka fi ji wajen Adamawa. Bahaushe ba ya son kalma ta ƙare masa a kan baƙi, sai ya ɗauko sunan da wasalinsa yadda ya ji shi a bakin alaramma. Jibrin mai "n" kuwa ba kuskuren harshenmu ba ne, don malaman lugga sun ce haka ƙabilar Banu Asad take furta shi tun a ƙasar Larabawa.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne an ruwaito Imamu Malik bai so a raɗa wa yaro sunan Jibrilu ba, ga shi kuwa mu mabiya mazhabarsa ne. Amma mafi yawan malamai sun halatta, kuma jama'a ƙaunar mai sunan ta rinjaye su. Yaron da ya haddace hadisi na biyu a Arba'una, ya ji yadda mala'ikan ya zo cikin fararen tufafi yana tambaya a kan Musulunci da imani da ihsani, ranar da ya girma aka yi masa haihuwa ba zai ji nauyin zaɓar sunan ba. Ga kuma Malam Jibrilu ɗan Umaru, babban malamin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda Shehu ya bi har Agadas neman karatu. Darajarsa ta ƙara wa sunan kwarjini a gidajen malamai.

Da Turawa suka zo, rubutun boko ya sake rarraba shi. Inda Faransa ta mulka ana sa "D" a gaba, shi ya sa ake rubuta Djibril a Senegal, a Nijar kuma Djibo, kamar Djibo Bakary wanda ya shugabanci jam'iyyar Sawaba. 'Yan mishan su ma suka shigo da nasu Gabriel ta bakin teku, Littafi Mai Tsarki na Hausa kuma ya rubuta Jibra'ilu. A nan hanyoyin nan biyu suka sake gamuwa. A makarantun Jos da Kaduna malami kan kira Jibrin ya kira Gabriel a rajista ɗaya, yaran biyu takwarorin juna ne.