Daga Almakashin Bishop Zuwa Jerin Vatican

A shekarar 1928 Carl Dreyer, ɗan ƙasar Denmark, ya fitar da fim ɗinsa kan shari'ar Jeanne d'Arc, budurwar Faransa da kotun malaman coci ta yanke wa hukunci, aka ƙone ta a birnin Rouen a 1431. Babu murya a fim ɗin. Fuskar Renée Falconetti, wadda ta fito a matsayin Jeanne, ita ce ke magana, tambayoyin alƙalai kuwa daga ainihin kundin shari'ar aka ɗebo su. Kafin a nuna shi a Faransa sai da babban bishop na Paris da masu tace fina-finai suka sa aka yanke wasu wurare. Gobara ta cinye asalin faifan a Berlin, ta sake cinye na biyu. Sai a 1981 aka tsinci cikakken kwafi a wani asibitin masu taɓin hankali kusa da Oslo.

Haka coci ta fara da silima, da zargi. A Amurka 'yan Katolika suka kafa ƙungiyar da ke ware fina-finan da bai kamata mai bi ya kalla ba, Fafaroma Pius na 11 ya yaba mata a wasiƙarsa ta 1936. Hankalinsu ya fi karkata ga tsiraici da batsa. Ko fim yana faɗin gaskiya game da ɗan Adam, wannan bai cika damun su ba.

Masu shirya fim ne suka ɗauko tambayar. A fim ɗin On the Waterfront na 1954, Marlon Brando ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa, ya san waɗanda suka yi kisa, wani fada kuma yana matsa masa ya buɗe baki. An gina fadan a kan mutum na gaske, John Corridan. Sai dai akwai lauje cikin naɗi: daraktan, Elia Kazan, shekara biyu kafin nan ya tona sunayen tsofaffin abokansa 'yan gurguzu a gaban kwamitin majalisa, shi ya sa wasu ke kallon fim ɗin a matsayin wanke kai. Ni dai ban ga hakan ya rage wa huɗubar fadan ƙarfi ba.

Wanda ya fi su zurfi a ganina shi ne A Man for All Seasons na 1966. Thomas More ya ƙi rantsewa a kan abin da zuciyarsa ba ta yarda da shi ba, ya kame bakinsa, aka kawo mai shaidar zur, Sarki Henry na 8 ya sa aka fille masa kai a 1535. Mai shaidar ya samu muƙami, ya tsufa cikin daula. Fim ɗin bai ɓoye wannan ba, kuma a nan Kirista zai ga Bilatus da kotunsa: mai gaskiya ba lallai ya fita da ransa ba.

A 1995, da silima ta cika shekara 100, fadar Vatican ta fitar da jerin fina-finai 45 masu daraja, kuma duk ukun nan suna ciki. Har da fim ɗin Bisharar Matiyu na 1964, wanda Pier Paolo Pasolini ya shirya, mutumin da ke bin aƙidar Markisanci kuma bai yarda da Allah ba.