Dawaki nawa ke isa ƙasa? Yadda ake auna ƙarfin motar kat-kat

Jama'a, duk wanda ya taɓa tsayawa wurin cinikin mota ya ji ana cewa "wannan tana da dawaki ɗari da talatin". Mai saye ya ji daɗi, ya biya. Amma ranar da aka yi mata lodin buhunan hatsi aka shiga yashi, sai ta riƙa nishi. Ba lallai ba ne an yi masa ƙarya. Abin da ke faruwa shi ne, dawakin da aka rubuta a takarda na inji ne, kuma ba dukansu ke isa taya ba. Akwai na'urar da ke nuna wannan bambanci, sunanta dinamomita, makanikai na taƙaitawa su ce "daino". A ƙasashe masu Faransanci ana ce mata "banc de puissance".

Mene ne doki ɗaya?

James Watt, mutumin Sikotilan, shi ya yaɗa wannan ma'auni a ƙarshen ƙarni na 18, don ya nuna wa masu saye dawaki nawa injinsa na tururi zai maye. Dokin da Faransa da yawancin Turai ke aiki da shi, shi ne ƙarfin da zai ɗaga kilo 75 sama mita ɗaya cikin sakan ɗaya, wato wat 735 da rabi. Na Ingila da Amurka ya ɗan ɗara, wajen wat 746. Idan kuka ga an rubuta kW, kilowat ke nan, kuma kilowat ɗaya ya yi doki 1.36.

A nan akwai wurin da mutane ke ruɗewa. Lambar CV da ke kan kart giriz, kamar 9 ko 12, ba ita ce ƙarfin inji ba. Dawakin haraji ne, da su ake lissafin binyet da inshora.

Ƙarfin murɗa da gudun juyi

Inji abu biyu yake bayarwa: ƙarfin murɗa, da saurin juyawa. Ƙarfin murɗa shi ne irin ƙarfin da kake sa wa sifana in za ka kwance noti, ana auna shi da niyuton-mita. Idan aka ninka ƙarfin murɗa da yawan juyi a minti, aka raba da 9549, sai a samu kilowat.

Mu ɗauki injin da direbobin hanyar Agadas suka sani sarai, 1HZ na Toyota Land Cruiser, mai shan gazuwal, lita 4.2, silinda shida, wanda ya fito a 1990. Kamfanin ya ba shi kilowat 96, wajen dawaki 130, a juyi 3800 cikin minti. Ƙarfin murɗarsa mafi girma niyuton-mita 285 ne a juyi 2200. In kuka yi lissafin nan, a juyi 2200 injin yana ba da kilowat 66 ne, kimanin dawaki 89. Kun ga ke nan, dawaki 130 ɗin ba kullum suke nan ba, sai inji ya kai ƙololuwar juyinsa.

Yadda ake gwajin

Tushen abin tsoho ne. A 1821 wani injiniyan Faransa, Gaspard de Prony, ya ƙera birkin da ake matse wa inji don a ga irin ƙarfin da zai ja. Har yanzu dabarar ke nan: ka ba inji abin da zai yi kokawa da shi, ka auna.

Gwajin iri biyu ne. Na farko, a cire inji a ɗaura shi kai tsaye a na'ura. Wannan shi kamfanoni ke yi, daga nan lambar da ke cikin littafin mota take fitowa. Na biyu, a hau da motar gaba ɗaya bisa manyan gangunan ƙarfe masu juyawa, a ɗaure ta da igiyoyi masu ƙarfi gaba da baya, a sa babbar fanka a gabanta don kada inji ya yi zafi. Direba ya sa giyar da inji da sandar baya ke juyawa daidai wa daida, galibi ta huɗu a mota mai giya biyar, ya taka totur har ƙasa. Kwamfuta na rubuta abin da tayoyi suka ba gangunan. Wasu na'urorin nauyin gangar kawai suke dogara da shi, su duba saurin da mota ta juya ta. Wasu kuma suna da birkin lantarki da ke riƙe motar, kamar tana hawan tudu da kaya.

Motar da ke jan baya kawai sai an sa mata kat-kat, irin Hilux da Land Cruiser 70, ana iya gwada ta da tayoyin baya. Amma wadda tayoyinta huɗu ke ja kullum, dole a samu na'ura mai ganguna gaba da baya masu tafiya tare. In ba haka ba, ana iya lalata mata haƙoran da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya.

Ina sauran dawakin suke tafiya?

Daga inji, ƙarfi yana bi ta kuloci, ya shiga akwatin giya wanda makanikanmu ke ce wa bwat, ya wuce ƙaramin akwatin da ke raba shi gaba da baya, ya bi dogayen sanduna, ya shiga haƙoran gatari inda yake karya kwana zuwa taya. Kowace haɗuwar haƙora, kowane boris, da man da suke iyo a ciki, sai sun ci rabonsu, kamar masu karɓar la'ada a kasuwa. Abin da suka ci zafi yake zama. Shi ya sa bayan doguwar tafiya za ka ji ƙullin gatarin baya da zafi.

Makanikai suna da ƙiyasi: motar da ke jan taya biyu takan rasa wajen kashi 15 cikin ɗari, kat-kat kuma kashi 20 zuwa 25. Ƙiyasi ne, ba doka ba, kowace mota da nata. Amma in muka bi shi, dawaki 130 na inji za su koma tsakanin 98 da 104 a taya. Don a san asarar mota takamaimai, bayan an kai ƙarshen gudu sai a taka kuloci a bar gangunan su rage gudu da kansu. Yadda suka yi saurin tsayawa shi ke nuna yawan abin da ƙarafa da tayoyi ke ci.

Abubuwan da ke ƙara asarar

Manyan tayoyi masu kaushi sun fi nauyi, sun fi jan ƙasa. Wanda ya cire taya mai inci 31 ya sa mai 33, ya rage ƙarfin turawa a ƙasa da wajen kashi 6 cikin ɗari, kuma agogon gudu zai riƙa nuna ƙasa da gaskiya. Rage iskar taya yana taimako cikin yashi, amma a kan kwalta yana cin ƙarfi da mai. Birkin da ke kamawa, boris da ya mutu, ko man bwat da ya daɗe, duk ɓarayin dawaki ne. Ƙaramar giya ta kat-kat kuwa ba ta ƙara doki ko ɗaya. Ƙarfin murɗa take ninkawa, ta karɓe gudu a madadinsa.

Sai yanayi. Inji da iska yake aiki, iska mai zafi kuma ba ta da kauri. Kamfanoni suna daidaita sakamakonsu ne a kan digiri 20 ko 25, alhali a watan Afrilu da Mayu Tawa da Damagaram suna wuce 40. Injin da ba shi da turbo yana rasa wajen kashi ɗaya cikin ɗari a kowane hawan mita 100, Agadas kuma tana kimanin mita 500 sama da teku. Ga ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska.

Ga mai shirin saye

Ƴan uwa da ke waje masu aiko da mota ta Kwatano ko Lome, in mai sayarwa ya nuna muku takardar daino, ku tambaye shi abu uku. Lambar ta taya ce ko ta inji da kwamfuta ta ƙiyasta? Da waɗanne tayoyi aka yi gwajin? An daidaita sakamakon da zafin ranar? Kada ku kwatanta takardar wannan gareji da ta wancan, don na'urori ba sa ba da lamba ɗaya. Amfanin daino ya fi fitowa in aka gwada mota ɗaya a na'ura ɗaya, kafin gyara da bayan gyara. Ku duba zanen layin kuma: motar yashi da kaya tana son ƙarfin murɗa tun daga ƙananan juyi, ba sai inji ya yi kururuwa ba.

Na gida kuma, inda ba kowane gareji ke da wannan na'ura ba, akwai abin da ke hannunku. A busa ko a canza matatar iska a kan lokaci, a duba man bwat da na gatari, a ɗaga mota a juya kowace taya da hannu a ji ko birki na kamawa. In motar tana da makullan tayoyin gaba, a buɗe su idan an hau kwalta. Waɗannan ba za su ƙara wa inji doki ba, amma za su bar waɗanda kuka biya kuɗinsu su isa ƙasa.

Allah Ya kiyaye hanya.