Waswasi da Wuƙar Likita

A wani masallaci a Tamanrasset, inda fatakenmu Hausawa ke salla, na san wani dattijo mai maimaita alwala har a sallame bai gama ba. Hannuwansa duk sun tsattsage. Mu waswasi muke ce wa wannan. Idan ya yi tsanani haka, likitoci ciwo suke ɗaukar sa. Halinsa ne ya sa ni bin tarihin yadda aka riƙa kai wa ƙwaƙwalwa wuƙa da sunan magani.

A 1935 Egas Moniz, likita ɗan Fotugal, ya fara sa a yanke jijiyoyin gaban ƙwaƙwalwar masu taɓin hankali, har ya samu kyautar Nobel a 1949. A Amurka, Walter Freeman ya riƙa cusa tsinken ƙarfe ta saman ƙwayar ido. Damuwar wasu ta lafa, amma da yawa sun koma kamar gumaka, ba himma ba walwala. Aljeriya ma ba ta tsira ba, don likitocin Faransa sun yi wannan aiki a kan majinyata zamanin mulkin mallaka. Duk yankan lalube ne cikin duhu.

Daga baya Lars Leksell na Suwidin da irinsa suka taƙaita aikin zuwa ƙona ɗan wuri ƙayyadadde. Sai na'urar PET ta zo, mai nuna yawan sukarin da kowane sashen ƙwaƙwalwa ke ci. A 1987 Lewis Baxter ya nuna cewa a masu waswasi, sashen da ke saman kwarmin ido yana cin sukari fiye da kima, kamar murhun da ya ƙi mutuwa. Hotunan da aka ɗauka bayan tiyata sun nuna wutar ta ragu a waɗanda suka samu sauƙi.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne binciken Baxter na 1992: ƙwayar magani, ko horar da majinyaci ya jure wa waswasin, kowanne ya rage wannan wuta a wani sashe mai alaƙa da shi, ba tare da yanka ba. Shi ya sa yau ba a kai wa ga tiyata sai komai ya gagara.

Dattijon nan kuwa, dariya muka yi ta yi masa. Babu wanda ya ce da shi ya ga likita, har da ni.