Kalmar "Bank" a Turanci: Asalinta da Rassan Ma'anarta

"Bank" kalma ce ta Turanci mai manyan ma'anoni biyu da ba su yi kama da juna ba: gaɓar kogi da gidan ajiyar kuɗi. Ƙamusoshi kan jera su a matsayin kalmomi daban-daban, amma tushensu ɗaya ne, wata kalma ta tsoffin ƙabilun Jamusawa mai nufin abin da ya ɗan yi tudu, na ƙasa ne ko na katako. Abin da ya raba su shi ne hanyar da kowace ta bi kafin ta iso Ingila.

Ma'anar gaɓa ce ta riga zuwa. Ta shigo ne ta bakin mutanen Denmark da Norway da suka zauna a arewaci da gabashin Ingila tun ƙarni na 9, kuma ta bayyana a rubuce wajen shekarar 1200. Daga tudun bakin kogi ta faɗaɗa zuwa tudun yashi na ƙarƙashin teku, kamar Dogger Bank da ke tekun gabashin Ingila. Ita ce kuma cikin sunan West Bank, wanda masu sauraron labarai suka sani da Gaɓar Yamma da Kogin Jordan.

Ta kuɗi kuwa sai da ta yi dogon zagaye. Ƙabilun Jamusawa da suka kwarara Italiya sun bar wa mutanen can kalmar "banca", wato benci ko tebur. A biranen Florence da Venice da Genoa, 'yan canji kan kafa teburinsu a kasuwa, su jera tsabar zinari da azurfa na ƙasashe daban-daban, ga ma'auni a gefe, kusan yadda 'yan canjin Wapa ke zama a Kano. Sannu a hankali sunan teburin ya koma sunan sana'ar, har ya bi manyan gidaje irin na zuriyar Medici, da aka kafa a 1397. Ta Faransanci kalmar ta shiga Turanci a ƙarshen ƙarni na 15, kusan shekara ɗari biyu kafin a kafa Bankin Ingila a 1694.

Daga wannan tebur "bankrupt" ta fito, wato "banca rotta", karyayyen benci. Ana yawan cewa wai idan ɗan canji ya kasa biyan masu ajiya, akan ragargaza teburinsa a bainar jama'a. Labarin yana da daɗin ji, amma ba sai an fasa katako ba. Bahaushe ma kan ce ɗan kasuwa ya karye alhali ƙashinsa lafiya lau.

Reshen kuɗin ne ya fi yabanya a zamanin nan, domin duk abin da ake tarawa don ranar buƙata sai ya ari sunan. A 1937 wani likita, Bernard Fantus, ya buɗe ma'ajiyar jini a asibitin Cook County na Chicago, ya kira ta "blood bank". An bi sahu da ma'ajiyar abinci da ta irin shuka, har da ɗan batirin nan da ake cajin waya da shi in babu wuta.

Hausa ta ari reshen kuɗin kaɗai ta ce banki, ta kuma ari ɗan'uwansa "bench" ta ce benci, gaɓa kuwa da ma tana da abarta. Kalmar banki ta iso ne tare da bankin Turawa na Afirka ta Yamma da aka kafa a 1894, wanda yau ya zama First Bank. A reshensa na Kano ne labari ya shahara cewa Alhassan Ɗantata ya kai ajiyar tsabar azurfa a kan raƙuma 20.