Sule Biyar Ɗin 1978: Yadda Nauyin Digiri Ya Sauko Kan Iyaye

A hukumance, har yau ba a biyan kuɗin koyarwa a jami'o'in Gwamnatin Tarayya. Duk lokacin da aka yi kukan tsadar karatu, wannan ce amsar da gwamnati ke bayarwa, kuma a takarda ba ta yi ƙarya ba. Sai dai magidancin da ya roƙi a ba shi kwasar adashe kafin lokacinsa, ko ya kai buhunan masara kasuwa tun farashi bai tashi ba, domin kada wa'adin rajistar ɗansa ya wuce, ya san akwai tazara tsakanin wannan magana da aljihunsa. Tazarar tana da tarihi, kuma wanda ke auna jami'ar da zai tura ɗa ko ƙani yana bukatar saninsa, don shi zai nuna masa inda kuɗin ya ɓuya.

Da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, ƙarƙashin Jami'ar Landan, ita kaɗai ce a ƙasar. Gab da samun 'yancin kai aka kafa kwamiti ƙarƙashin Eric Ashby, wanda rahotonsa na 1960 ya ɗauki ilimi mai zurfi a matsayin jarin da ƙasa ke zubawa don samun ƙwararru. A cikin wannan yanayi aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ranar 4 ga Oktoba, 1962, da ɗalibai 426, mafi yawansu ma ba 'yan Arewa ba. Ba daga fili aka tashe ta ba: an haɗe Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya, da Cibiyar Koyon Sha'anin Mulki ta Kongo, da tashar binciken noma ta Samaru, da kwalejin Kano da aka sani da sunan Abdullahi Bayero.

A wancan zamani akwai kuɗin makaranta, amma ga ɗan Arewa galibi ba ubansa ne ke biya ba. Turawa na tattara komatsansu, Sardauna na son 'yan Arewa su gaji kujerunsu, masu takardar da za su hau kujerun kuwa ba su taka kara sun karya ba. Saboda haka Gwamnatin Jihar Arewa ta ɗauki nauyin karatun, ta kuma tsaya a bakin ƙofa tana jiran wanda ya gama. Mai digiri kan faɗa babban aiki kai tsaye, da gidan gwamnati da rancen mota. Abin da ya fi ciwo ga iyali a lokacin shi ne albashin da yaro zai rasa, domin wanda ya gama sakandare ko kwalejin horon malamai aiki na jiransa a En'e ko a ma'aikatun Kaduna, kuma da yawa sun zaɓi tsuntsun da ke hannu. Abin lura shi ne, mai biyan kuɗin digirin da mai sayen digirin duk mutum ɗaya ne, wato gwamnati. Tambayar ko karatun zai mayar da kuɗinsa ba ta iso zauren kowane uba ba.

Kuɗin man fetur ya faɗaɗa wannan tsari. A 1975 Gwamnatin Tarayya ta karɓe jami'o'in Zariya da Ife da Benin, ta kuma kafa sababbi guda bakwai, ciki har da na Sakkwato da Maiduguri da Jos, da ta Kano wadda ta zama cikakkiyar Jami'ar Bayero a 1977. A daidai wannan lokaci gwamnatin Janar Obasanjo ta soke kuɗin koyarwa baki ɗaya. Ɗalibi na biyan ɗan abin da bai kai ya kawo ba na abinci da ɗaki, jiharsa kuma ta ba shi tallafin da ya isa har ya yi wa ƙannensa tsaraba.

Ba a je ko'ina ba kasuwar mai ta yi sanyi. A 1978 Hukumar Kula da Jami'o'i, wadda Dakta Jibril Aminu ke shugabanta, ta sanar da ƙarin kuɗin ɗaki, ta kuma ɗaga kuɗin abincin yini daga naira 1 da kwabo 50 zuwa naira 2. Ƙarin sule biyar ke nan. Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, ƙarƙashin Segun Okeowo, ta ce ba za ta saɓu ba, ta nemi a tsige kwamishinan ilimi na tarayya, Kanar Ahmadu Ali. Daga nan boren ya samo sunan da aka san shi da shi, «Ali Must Go». A watan Afrilu aka harbe wani ɗalibi a Legas, sojoji suka buɗe wuta a Samaru, aka rasa rayuka. Aka rufe jami'o'i, aka haramta ƙungiyar ɗaliban, ƙarin kuɗin kuma ya zauna daram.

A ganina, abin da ya biyo bayan boren ya fi boren kansa tasiri. Gwamnatocin da suka zo daga baya, na soja da na farar hula, sun fahimci cewa kalmar «kuɗin koyarwa» wuta ce, don haka ba wanda ya taɓa ta. Sai aka bar ta a inda take, aka riƙa zare duk abin da ke kewaye da ita. A 1984 gwamnatin Janar Buhari ta janye tallafin abinci, ɗakunan cin abinci suka koma hannun 'yan kasuwa, risho da tukunya suka shiga ɗakunan kwana. A 1986 shirin tsuke bakin aljihu na Janar Babangida ya karya darajar naira. Littafi da mujallar bincike da sinadarin gwaji, da yake duk daga waje ake sayo su, suka gagari jami'o'i, malamai da dama suka yi ƙaura zuwa Saudiyya da Amurka da kudancin Afirka. Ɗalibai suka yi ta ƙaruwa, gadaje ba su ƙaru ba, sai haya a cikin gari ta zama dole. Jami'o'i kuma, tunda an hana su karɓar kuɗin koyarwa, suka raɗa wa kuɗin wasu sunaye: na karɓar gurbi, na rajista, na jarrabawa, na asibiti, na laburare, na ɗakin gwaje-gwaje. An canza wa tuwo suna kawai.

A ɗaya ɓangaren, mai sayen digirin ya janye daga kasuwa. Tun korar ma'aikata ta 1984 da takunkuman ɗaukar aiki da suka biyo baya, gwamnati ta daina jiran kowa a bakin ƙofa. Masu digiri kuwa sai yawaita suke yi. Jihohi sun fara kafa nasu jami'o'in daga 1980, Jihar Ribas ce kan gaba. A 1999 aka ba jami'o'i masu zaman kansu uku na farko lasisi. Tsakanin 2011 da 2013 gwamnatin Jonathan ta ƙara na tarayya 12, irin su Dutse da Dutsin-Ma da Kashere da Gusau da Gashuwa. Yau jami'o'in ƙasar sun haura 250, masu rubuta jarrabawar JAMB kuma sun kai kimanin miliyan 2 a shekara. Uba ya wayi gari shi ke biya, kuma shi ne zai yi hasashen ko akwai mai saye.

Akwai kuma wani farashi da ba ya fitowa a rasit, wato lokaci. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU a 1992 ya haifar da harajin ilimi na kashi 2 cikin 100 a kan ribar kamfanoni, wanda ya zama asusun TETFund a 2011. Yawancin sababbin gine-ginen da mai ziyara ke gani a jami'o'inmu daga nan suka fito. Amma asusun gini yake yi, ba ya biyan albashi, kuma kan albashi da kuɗin gudanarwa rigimar ta ci gaba. Yajin 2020 ya ci kimanin wata 9, na 2022 ya ci wata 8. Ɗalibin da ya shiga jami'ar tarayya a 2019 ya yi asarar kusan shekara ɗaya da rabi yana zaune a gida, alhali kuɗin hayar ɗakinsa na tafiya. Ga wanda ya fara a makare, abin ya wuce haya: wanda ya haura shekara 30 kafin ya kammala ba ya zuwa hidimar ƙasa, bankuna da manyan kamfanoni kuma sukan sa iyakar shekaru ƙasa da haka ga sababbin ma'aikata. Idan aka duba da kyau, babban abin da jami'o'i masu zaman kansu ke sayarwa da tsada shi ne tabbacin cewa shekara huɗu za ta tsaya a huɗu. Wasu jami'o'in jihohi da ba su cika shiga yajin ba su ma da wannan suke jan iyaye, ko da kuɗinsu ya ɗara na tarayya, musamman ga wanda ba ɗan jihar ba.

Shekarar 2023 ce ta yaye sauran mayafin. A shekarar da aka cire tallafin mai, jami'o'in tarayya suka ninninka kuɗaɗen nan masu sunaye daban-daban. Jami'ar Legas ta sanar da tashi daga kimanin naira 19,000 zuwa sama da 100,000, har 190,000 ga masu karatun likita, kafin zanga-zanga ta sa a rage wani abu. A Kano, ƙarin da Jami'ar Bayero ta yi ya sa gwamnatin jihar ta ware naira miliyan 700 don biya wa ɗalibai 7,000 'yan asalin jihar. Mafi ƙarancin albashi a lokacin naira 30,000 ne.

Wanda ya bi wannan tarihi zai ga cewa kuɗin rajista shi ne mafi ƙanƙanta kuma mafi bayyana a cikin lissafin. Abinci da haya da mota, waɗanda gwamnati ta sauke tun 1984, su ne ke cinye kuɗin, shi ya sa jami'ar da yaro zai je daga gidan ubansa ko na kawunsa kan fi araha, ko da takardar kuɗinta ta fi nauyi. Tsarin JAMB ma yana taimakon wannan, domin a jami'o'in tarayya kashi 35 cikin 100 na gurabe na jihohin da ke kewaye da jami'ar ne. Game da abin da digirin zai haifar kuwa, sunan jami'a bai kai matsayin sashen da za a shiga muhimmanci ba. Likitanci da shari'a da injiniyanci kowanne na da majalisar da ke tantance shi, kuma a likitanci da shari'a akwai adadin ɗaliban da aka yarje wa kowace jami'a. Sashen da ya rasa amincewa, ko ya ɗebi fiye da ƙa'ida, kan bar ɗalibansa suna jiran layin makarantar lauyoyi ko lasisin aiki bayan sun gama. Wannan tambaya ce da ake iya yi kafin a cike fom, kuma iyaye kaɗan ne ke yin ta.

Amsar gwamnati ta baya-bayan nan ita ce rance. Ba sabon abu ba ne: gwamnatin Gowon ta kafa hukumar ba ɗalibai rance a 1972, ta durƙushe saboda waɗanda suka ci ba su biya ba, bankin ilimi da aka yi wa doka a 1993 kuma bai yi wani abin a zo a gani ba. Dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Afrilun 2024 ta kafa asusun NELFUND, wanda ke biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'ar gwamnati, ya kuma ba ɗalibi naira 20,000 a wata don ɗawainiya. Babu kuɗin ruwa a ciki, abin da ya sauƙaƙa wa iyalai Musulmi karɓarsa. Za a fara biya shekara 2 bayan hidimar ƙasa, ta hanyar cire kashi 10 cikin 100 na albashi ko na ribar sana'a, idan an samu.