Ha]eja, Haxeja, Had'eja: Tarihin Wahalar Haruffanmu A Na'urar Karatu



Duk wanda ya saba karanta littattafan Hausa a waya ya taɓa cin karo da sunan garinmu a kamanni daban-daban. Wani fayil ɗin zai nuna maka Ha]eja, wani Haxeja, wani Had'eja, wani kuma ya dasa ɗan akwati babu komai a tsakiyar sunan. Da yawanmu mukan ɗora laifin a kan wayar, ko a kan wadda ta yi taifin. Alhali matsalar ta girmi waya, ta girmi kwamfuta. Tun ranar da aka fara rubuta Hausa da boko ake fama da haruffa uku: ɓ, ɗ da ƙ.

Turawan da suka fara rubuta Hausa da haruffansu sun tarar da sautukan da babu su a harshensu. Wasu suka riƙa sa ɗigo a ƙarƙashin harafin, wasu suka maƙala masa waƙafi a gefe. Hanns Vischer, wanda Kanawa suka raɗa wa Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutu a 1912, amma maganar ba ta mutu a nan ba. Sai a shekarun 1930, zamanin da Dakta Rupert East ke riƙe da Hukumar Talifi a Zariya, aka tsaya a kan haruffa masu lanƙwasa. Wannan hukumar ce ta shirya gasar 1933 da ta haifi Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Daga nan littattafan makaranta da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939, suka kai haruffan lungu da saƙo, har ido ya saba da su. Ku lura da wani abu: wannan k' da d' da muke gani yau a WhatsApp, waɗanda wasu ke ɗauka sabon yayi ne na 'yan zamani, tsohuwar dabara ce da aka yi bankwana da ita tun kafin a haifi kakanninmu. Rashin kayan aiki ne ya dawo da ita.

Madaba'ar Zariya tana da nata haruffan, don haka littafin da ya fito daga kamfanin Gaskiya, ko daga NNPC da aka kafa a 1966, yakan fito da lanƙwasarsa daidai. Amma da marubuta suka fara buga wa kansu littafi a Kano cikin shekarun 1980, zamanin da ya ba mu su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino, sai aka koma hannun tafireta, ita kuwa Turanci aka ƙera ta ta rubuta. Wanda ya damu yakan bi da biro ya lanƙwasa harafin da hannu kafin a kai madaba'a. Wanda bai damu ba ya bar wa mai karatu ya raba baki da baƙi, kafa da ƙafa, fada da faɗa. Haka waɗannan littattafai suka riƙa isowa Haɗeja daga kasuwar Sabon Gari, ana ba da su haya, kuma mun karanta su a haka. Bahaushe yana gane nufi daga jimla. Yaron da ke koyon karatu da baƙon da ke koyon harshen su ne suka sha wuya.

Da kwamfuta ta shigo, a shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiri samfurin haruffa masu suna Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka ba shagunan buga takardu damar fitar da ɓ, ɗ da ƙ. Aiki ne da ya ceci ɗab'in Hausa na tsawon shekaru, kuma ya cancanci yabo. Sai dai a fahimci yadda irin waɗannan samfura ke aiki. Aron maɓalli suke yi. Wasu kan ɗauki maɓallan baka irin ] da }, wasu kan ɗauki q da x da v tunda Hausa ba ta amfani da su, sai su sa musu rigar harafin Hausa. A takarda komai lafiya lau. Amma a cikin fayil ɗin, abin da aka ajiye shi ne ] ko x. Ranar da fayil ya faɗa na'urar da ba ta da wannan samfurin, sai rigar ta cire, asalin ya bayyana. Daga nan Ha]eja da Haxeja suka fito.

A can waje kuwa, tun 1991 aka fitar da tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi na duniya lambarsa ta kansa, har da namu ukun, manya da ƙanana, har da ƴ da 'yan uwanmu na Nijar ke rubutawa a inda mu muke sa 'y. Kamfanin Sony ya fitar da na'urarsa ta karatu a 2006, Amazon ya biyo da Kindle a Nuwamban 2007, a shekarar da tsarin fayil na EPUB ya fito. Mu dai a nan Kindle bai taɓa zama ruwan dare ba. Na'urar karatun Bahaushe ita ce wayar hannu, wadda layinta ya shigo Najeriya a 2001. A kanta adabinmu ya yi ƙaura, daga shafukan Facebook zuwa zaurukan WhatsApp, zuwa Wattpad da OkadaBooks da ArewaBooks.

To ina ɗan akwatin nan ya samo asali, tunda Unicode ya san haruffanmu? Sanin lamba daban, iya zana ta daban. Idan samfurin haruffan da manhajar karatu ke amfani da shi ba shi da zanen ƙ, sai ya nuna akwati, ko ya aro harafin daga wani samfurin, shi ya sa wani lokaci za ka ga ɗ ta fi sauran haruffa kauri ko ta karkace kamar baƙuwa a cikin kalma. Fayil ɗin lafiyarsa ƙalau. Maganin shi ne a shiga saitin manhajar a canza samfurin zuwa wanda ya san mu, irin su Noto, Charis SIL, Gentium ko Andika, kuma duk kyauta ne. Manhajar Moon+ Reader tana karɓar samfurin da ka sa mata da kanka, haka ma Kindle da Kobo idan ka jona su da kwamfuta ka zuba shi. In kuwa abin da kake gani tarkacen alamomi ne biyu-biyu a gurbin kowace ƙ, to an ajiye fayil ɗin ko an buɗe shi da tsarin da ba UTF-8 ba, sai a sake buɗewa a zaɓi UTF-8.

Wannan na mai karatu ne. Nauyin da ya fi girma yana wuyanmu masu rubutu. Gboard yana da allon Hausa, ka danne k ka riƙe sai ƙ ta fito, saboda haka uzurin da na zamanin tafireta ke da shi mu ba mu da shi. Kuma ba maganar ado ba ce. Mai karatun da ya nemi kalmar "ƙauna" a littafinka da ma'ajin bincike ba zai samu "k'auna" ko "qauna" ba, domin a wurin na'ura kalmomi uku ne da ba su san juna ba. Wanda yake da tsohon rubutu zai iya gyara shi da umarnin nemo-ka-musanya, amma a bi a hankali, kar a danna musanya duka ido rufe. Idan ka ce kowace d' ta koma ɗ, kalmar bid'a za ta lalace, idan ka ce kowace v ta koma ɓ, duk wani baƙon suna da ke labarin ya shiga uku.

Sai maganar PDF, wadda a ganina mun ba ta matsayin da ya fi ƙarfinta. PDF hoton shafi ne, an yanka shi daidai da takarda. A ƙaramar waya sai mai karatu ya yi ta ja da yatsa hagu da dama, idonsa na ruwa. Amfaninsa ɗaya, yakan tafi da samfurin haruffansa a ciki, don haka lanƙwasa ba ta ɓacewa. EPUB kuwa yana bin faɗin fuskar waya, mai karatu ya ƙara girman rubutu yadda idonsa ke so, ya mayar da bango baƙi da dare don cajin ya kai shi. Manhajar Calibre, wadda Kovid Goyal ya fara a 2006, tana juya fayil ɗin Word zuwa EPUB a kyauta, kuma tana iya cusa samfurin haruffan a cikinsa. Kafin ka saki littafi, tura shi ƙaramar wayar wani a gida, ba taka ba, ka buɗe shafi uku ka gani.

Mu mutanen bakin kogi mun san abin da ruwa ke yi wa takarda. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun shiga gidaje a ƙasar Haɗeja, kuma littafin da ya kwana a ruwa sai dai a shanya shi a yi haƙuri. Wannan ya sa wasu ke ganin abin da ke intanet ya tsira har abada. OkadaBooks, wanda Okechukwu Ofili ya kafa a 2013 kuma marubutan Hausa da dama suka zuba littattafansu a ciki, ya rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Kamfanin Microsoft da duk girmansa ya rufe kantin littattafansa a 2019, littattafan da mutane suka saya suka daina buɗewa, sai kuɗinsu aka mayar musu. Littafin da aka rubuta shi kai tsaye a zauren WhatsApp, shafi-shafi, ya fi waɗannan duka zama cikin haɗari, domin waya ɗaya ce za ta faɗa ruwa ko a sace ta a tasha. Ka ajiye asalin rubutunka a fayil guda, da haruffan Unicode, kwafi ɗaya a imel ɗinka, ɗaya a memori, ɗaya a wurin wanda ka yarda da shi a wani garin da ba a bakin kogi yake ba.